Wanda Ba a Kira Ba

Takardar hukuma ta iso ran Laraba,
da hatimi, da sa hannu:
za a buɗe ƙofofin dam na Goronyo.
Ruwan kuwa tun Litinin ya kwana a fadamarmu.

Mu mun riga mun ji.
Ɗiyar Tumba da ke aure can
ta ga ma'aikata suna shafa wa ƙarafa mai,
ta kira uwarta da ragowar katin naira hamsin.
Tumba ta bar tukunya bisa wuta,
ta leƙa katanga ta gaya wa Kulu.
Kulu uwar adashi ce,
mata ashirin da uku ke zubi wurinta,
kowace da miji, kowane miji da ƙane.
Kafin a kira isha'i
maganar ta hau babur ɗin Nomau zuwa Kwalkwalawa,
ta sha shayi a teburin Arzika,
ta ƙetare gulbin Rima cikin jirgin masunta.

Daren nan ba wanda ya miƙe ƙafa.
Muka ciro injinan ban-ruwa, fitilar waya a baki,
muka kwashe buhunan taki,
shinkafa rabin nuna muka yanke ta haka nan.
Har Jabbi, da muka yi shari'a da shi bara
kan shanunsa da rogon ƙanena,
an tura masa yaro:
ka hau da garke tudu, rigimarmu ta jira rani.

Kakana da taurari yake ƙirga damina.
Yanzu ruwan wata guda kan zuba cikin kwana biyu,
sannan sama ta ɗinke baki har gero ya naɗe kunne.
Tauraro ya daina faɗin gaskiya,
sai muka koma ƙirga mutane.

To, sai Boyi.

Baƙo ne, daga wajen Gudu ya zo,
shekarar da rijiyarsu ta fara ba da yashi.
Aron fili aka ba shi can ƙarshen fadama
inda ƙasa ta fi kwari.
Ba ya da ɗiya a ɗakin kowa,
matarsa ba ta zubi,
sallarsa a masallacin bakin hanya.
Lambarsa tana cikin wayata.
Da "Mai albasa na biyu" na ajiye ta.

Da safe muka same shi, ruwa iya ƙugu,
yana laluben injinsa da ƙafa,
injin da bai gama biya ba.
Bai zagi kowa ba.
Ya dubi buhunanmu a tudu, busassu,
ya ce, "Ashe kun ji."

Da ruwa ya janye muka taru gindin tsamiya.
Malamin gona ya zo da rajista,
Sarkin Noma ya zo da tsufansa.
Aka ce ba mai sare itacen bakin gulbi,
aka ce a bar wa shanu hanyar mashaya taku arba'in,
aka raba ranakun jan ruwa idan rani ya tsananta.
Malam ya rubuta duka.
Amma mun san wace doka ce ke aiki:
wadda za ka ji kunyar surukinka in ka taka.

Koma ce mu, in ji Arzika, mun kama juna.
Na yi shiru.
Na san koma da idanu take,
kuma na san wa ya faɗa ta ciki.

Kulu ta sa matar Boyi a adashi,
ta ba ta kwasar farko, wasu suka yi gunaguni.
Ni na gyara sunan a wayata.

Jiya na ga sabbin bukkoki uku hayin gulbi,
hayaƙi yana tashi, yara na wasa da garwa.
Na tambayi Nomau su wane ne.
Ya ɗaga kafaɗa,
ya tada babur.