Gafara, Masu Ƙasa

Sha biyun dare ta gota a tashar Tawa.
Motar Agadas ta ƙarshe ta tashi,
ta bar mana warin gazuwal da ɓawon gyaɗa.
Na kife kofuna, na ɗaure bakin ledar burodi,
saura tukunyar shayi
da ragowar ruwan da har yanzu yake huci.

Nan nake tsayawa.
Shekara ashirin da uku, nan nake tsayawa,
hannu ɗaya a marfi, ɗaya a kunnen tukunya,
in ce ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji:
Gafara dai, masu ƙasa,
ku janye 'ya'yanku, zafi na tafe.
In ƙirga uku, kana in zuba.

Kakata Tarana ce ta sa mini wannan a baki,
can Kalfu, bayan rumbu,
ranar da na watsa tafasasshen ruwan tuwo a tsakar gida ina dariya.
Ba ta doke ni ba.
Ta kama kunnena ta kai shi ƙasa, ta ce, saurara.
Ban ji komai ba sai bugun jinina.
Ta ce, ka ji ko? Sun yi shiru.
Ka ƙona musu ɗa.

A wurinta babu kango a duniya.
Gawon bakin tafki da mai shi,
suri da maigidansa,
guguwa in ta taso tsakar rana
wani ne ke sauri, a ba shi hanya.
Sabon gero, kafin ya taɓa bakinmu,
sai ta dama farar gumba ta kai gindin gawo,
ta dawo tana share hannu da gefen zane
kamar wadda ta sauke bashi.

Ta rasu. Tafki ya yi ta ja da baya.
Aka sare gawon, aka sassaƙa turame uku,
ɗaya na gidan ƙanwata har gobe.
Ba wanda ya haukace, ba hannun da ya shanye.
Na jira. Wallahi na jira.

Ni mai salla ne, sahun gaba da asuba.
Malam Hankurau ya faɗa a wa'azi,
ya sake faɗa mini nan kan benci, yana hura kofi:
bisimilla ta wadatar, saura tarkacen arna ne.
Na ce na ji, kuma ina yin bisimillar.
Sai dai harshe kan zarce da kansa
kamar jakin da ya san hanyar rijiya.

Ɗana Nomau, da ke ajin ƙarshe a lakwal,
ya ce, Baba, nan fa kwalta ce,
ƙarƙashinta tsakuwa, ƙarƙashin tsakuwa bututun famfo.
Su wa kake wa sallama?
Na rasa ta cewa. Na ce, miƙo mini tsumma.

Ban taɓa ganinsu ba, kada in yi ƙarya.
Abin da na gani shi ne wani dare cikin damina,
na ce gafara, na fara ƙirga,
a na biyu kwaɗo ya fito daga gindin tebur,
tsalle, tsalle, ya bar wurin.
Kwaɗo ne kawai, na sani.
To da ban tsaya ba fa?

Jiya zazzaɓi ya kayar da ni, Nomau ya rufe tebur.
Ina kan tabarma cikin rumfa, ina kallon ƙeyarsa.
Ya ɗauki tukunya ya kai bakin kwata,
ya waiga hagu, ya waiga dama, ko da mai gani.
Ban ji ko ya ce wani abu ba,
injin mai ƙanƙara na ta ruri.
Na dai ga ya tsaya,
tururi na hawa fuskarsa,
ɗaya,
biyu,
uku.