Hannu Ɗaya Ba Ya Auna Kifi

Tun kafin asuba muka bar Dulac,
sauron Luwiziyana na raka mu har bakin gada.
Ferdie na kan inji, yana zagin batir,
Minh ya zo da jatan lande daga jirgin yayansa,
masu rai, suna tsalle cikin bokiti
kamar an tsegunta musu abin da ke gaba.
Ni na riƙo kofi da ƙanƙara.
Ozeme kuwa ɗauko shi muka yi, mu biyu,
muka zaunar da shi kan akwatin sanyi,
muka ɗaura masa rigar ceto kamar yaro.
Ya harare mu da idon da ya rage masa na harara.

Shekara ashirin da uku muna wannan fita,
ashirin da biyu shi ke da bakin jirgin.
Kifin da ya kama bara
kan ƙara taku guda kafin baɗi.
Akwai wanda ya ja shi har Meksiko, in ji shi,
ya dawo da shi kafin miya ta huce.
Mukan ce, Ozeme, ji tsoron Allah.
Yakan ware hannu biyu har kafaɗa ta yi ƙara,
ya ce, wannan ma kan ne kawai.

Sai ga watan Fabrairu.
Ɓarin dama ya tafi, ya tafi da harshe.

Yau jirgin shiru, sai ruwa na marin katako.
Mun wuce inda tsibiri yake a da,
inda muka taɓa gasa kaguwa, muka kwana,
yanzu na'ura na cewa ƙasa ce,
mu kuwa gishiri muke gani, gaba da baya.
Kwasakwasa uku a kan turken tsohuwar rijiyar mai
suna kallon mu kamar masu bin bashi.

Na sa masa koto, na jefa masa,
na soke gindin sandar a ɗamararsa.
Rana ta hau. Gumi ya ci ido.
Minh ya kama ƙanana biyu, ya mayar da ɗaya.
Ferdie ya gwada wata ƙarya don ya cike gurbi,
ta fito gurguwa, ba wanda ya tanka.

Can wajen sha ɗaya zare ya yi kuka.
Sanda ta rusuna har ta sha ruwa.
Na miƙa hannu, ya ture ni da gwiwa.
Hagu kaɗai, da haƙori, da jijiyar wuya,
shi yana ja, Minh na naɗe masa zare,
Ferdie na juya jirgi yana ihu da Faransancin kakarsa.
Rabin sa'a, ko fiye, ban duba ba.
Sai ga shi ya taso:
ja kamar tagullar da aka goge,
baƙin ɗigo guda a gindin wutsiya,
kai kamar turmi.
Wallahi, irin wanda ya daɗe yana ba mu labari.

Ya shafa bayansa sau ɗaya.
Ya yi nuni da haɓa: a mayar.
Muka mayar. Ruwa ya rufe bakinsa.

Da yamma a bakin gada, mai sayar da mai ta leƙo:
Ozeme, yaya girmansa?
Ya ɗaga hagu, ya miƙa ta can gefe,
ya tsaya.
Dama na kwance kan cinya, ba ta da labari.

Na matso, na ɗaga tawa hannun a madadinta,
daidai inda gaskiya ta tsaya.
Ya dube ni. Ya girgiza kai.
Na ja baya taku ɗaya.
Ya girgiza kai.
Na ja, na ja, har diddige ya ji ƙarshen katako,
ruwa na lasar turaku a ƙarƙashina,
sannan gefen bakinsa mai rai ya motsa.

Ferdie ya ce da ita: wannan ma kan ne kawai.