Ƙaura Ba Ɗaukar Kaya

Daren Laraba a Valparaiso,
ruwa na dukan kwanon rufi,
fitilun jiragen dakon kaya na lilo can ƙasan tudu.
Kawu Aurelio ya ture kwanon miyar kifi gefe,
ya miƙo mini tsohuwar kwamfutarsa
da hannu biyu, kamar mai kai jinjiri awo.

Shekara goma sha ɗaya faifan cikinta na juyawa,
yanzu ya soma ƙas-ƙas, ƙas-ƙas,
irin tarin da ba ya jin magani.
Sabon kuwa ga shi a tafin hannuna,
bai fi kwalin ashana nauyi ba.
Ba ya juyi, ba ya gurnani,
ba allura a cikinsa, ba abin da ke motsi.
Kawu ya girgiza shi kusa da kunne,
ya ce, "Yarinya, fanko suka sayar miki."

Na ɗauko wayar da Ximena ta ara mini,
na haɗa tsoho da sabo baki da baki,
na ce: a kwashe babbar manhaja da duk tarkacenta,
har ƙurar da ke bayan ƙofa.
Sai aiki ya ƙi.
Wai kayan sun fi ɗakin yawa.

To matso, Kawu, mu yi shara.
Rasidan kwastan na zamanin da yake akawu: a zubar.
Finafinai uku da bai taɓa kallo ba: a zubar.
Sai ga muryar marigayiya Leontina,
daƙiƙa arba'in, tana jero masa cefane,
albasa, man zaitun, kar ka manta da maganinka.
Ya damƙe wuyan hannuna.
Ni ban ma nufi wajen ba.

Shuɗin layi ya fara rarrafe.
Kashi bakwai. Kashi ashirin da uku.
A sittin da ɗaya ya tsaya cik,
tsohon faifai na laluben wani gurbi da ya ruɓe,
mu kuma mun zuba ido
har shayi ya huce, har karen maƙwabta ya gaji da haushi.
Can sai ya tsallake.
Abin da ke cikin gurbin nan,
har yau ba mu san me muka rasa ba.

Ƙarfe ɗaya saura na kwance sukuru huɗu,
ɗaya ya gangara ƙarƙashin firji ya yi zamansa.
Na zare tsoho, na zura sabo, na kunna.
Allo baƙi ƙirin.
Gabana ya faɗi.
Ashe ƙofar da ya saba ita injin ke ƙwanƙwasawa,
sai da na shiga saitin tushe na nuna masa sabuwar.

Da safe Kawu ya danna maɓalli,
ya juya zai ɗora butar kofi,
don shekaru ke nan tare suke tafasa.
Bai kai ga murhu ba hoto ya bayyana:
Leontina a bakin teku, iska ta sure mata hula.
Ya tsaya, buta a hannu.
Ya ce, "Da can takan ba ni lokaci in shirya."

Tsohon faifan ya naɗe shi cikin safa,
ya sa a aljihun tebur kusa da tabarau ɗinta.
Har na sa takalmi ya tambaye ni,
"In aka jona shi, zai sake yin ƙas-ƙas ɗin nan?"
Na ce zai yi, na ɗan lokaci.
Ya ce to, in bar masa wayar Ximena zuwa Lahadi.