Ƙidayar Ƙuduji a Kanya Babba

Takardar digirina na uku tana rataye a bango a Kano,
ni kuwa ga ni tsugune a gonar Baba Tsalha,
igiya a hannu, turaku ashirin da huɗu,
ina ƙirga ƙuduji kamar mai ƙirga bashin da ake bin sa.

Fili na ɗaya, dawa zalla: ɗari biyu da sha tara.
Fili na biyu, dawa da waken suya: tamanin da shida.
Zufa ta ɗiga kan shidan, ya so ya koma takwas.

Baba ya dogara da ƙotar fartanya, ya ce,
"Dakta, tun ina bin tumaki nake ganin furen nan,
ban taɓa jin wanda ya ƙirga maƙiyinsa ɗai-ɗai ba."
Na ce, "Wanda bai san yawan ɓarayi ba,
yaya zai san tsawon katangar da zai gina?"
Ya ce, "Wannan ɓarawon ta ƙasa yake shigowa."

Da gaskiyarsa.
Na sa ƙwayar a madubin ɗakin gwaji na gani,
garin barkono ma ya fi ta jiki.
Tana kwance a ƙasa, ba ta gaggawa,
sai ta ji ƙamshin saiwar dawa,
ta farka, ta miƙa baki, ta kama kamar jinjiri,
ta sha ta ƙoshi
tun mai gona bai san ya yi baƙo ba.

Dabararmu yaudara ce.
Waken suya ya kira ta da muryar dawa,
ta farka, ta lalluba, babu nono, yunwa ta kashe ta.
Sai taki daga turken awakin Lantana,
sai cira da hannu kafin fure ya ɗaure iri,
a tara a ƙone.
Ita kuma tsutsa mai cin zuciyar masara,
mun daka mata ƙwallon darbejiya, mun jiƙa ya kwana,
muka bar zanzaro da gizo-gizo suna aiki ba lada.
Maganin kwalba yana can ƙarshen layi,
ba ya fitowa sai ƙidaya ta kira shi.

Ba komai ne ya bi takarda ba.
Ruwa ya ɗauke kwana sha bakwai ana tsakiyar damina.
Bunsurun maƙwabci ya cinye fili na bakwai
har da kwalin da na rubuta lambarsa,
kuma fom ɗin masu ba da kuɗi
ba shi da gurbin bunsuru.
Shu'aibu, autan Baba, ya sayo magani a kasuwar Babura,
ya fesa wa fili na tara da dare.
Da na tambaye shi, ya sunkuyar da kai:
"Gani na yi dawar tana shan wahala."
Na buɗe baki zan yi faɗa, na rufe.

Kuɗin bincikena na damina biyu ne.
Ƙwayar ƙuduji takan jira shekara goma, har ta ɗara.
Na faɗa wa Baba haka ranar awo,
bayan filin wake ya ɗara na zalla da tiya uku.
Ya murza zangarniya a tafinsa, ya hura, ya ciji ƙwaya guda,
ya ce, "To bar mini turakun.
Ƙirga dai ba sai da digiri ba,
jikata Sahura tana aji biyar."

Da damina ta zagayo na dawo.
Na tarar da ita tsugune a fili na biyu,
littafin lissafin makaranta a kan gwiwa,
tana cewa talatin da ɗaya, talatin da biyu.
Ta tsallake guda, ta waiwayo,
ta tuge shi har saiwa,
sannan ta rubuta.