Rediyon Cleophus

A shekarar hamsin da bakwai
mahaifina Cleophus yana ɗan shekara tara,
ihu ya taso daga gidan maƙwabta,
aka ce Zakunan Detroit sun ɗauki kambu.
Ya ce a ransa: ashe haka ake yi duk shekara.
Da wannan kuskuren ya rayu,
da shi aka binne shi.

Ya girma ya shiga masana'antar motoci,
shekara talatin da ɗaya yana ɗaura ƙofar hagu,
ta hagu kawai,
ta dama aikin Orval ne, mai tarin nan da ba ya warkewa.
Ran Lahadi sai gareji,
kujerar ƙarfe, hula shuɗiya,
da rediyo mai karyayyar eriya
da ya ɗaure da wayar birki.

Alhamis ɗin godiya, ƙarshen Nuwamba,
Mama na gasa talotalo a kicin,
shi yana gasuwa gaban talabijin.
"Renita, zo ki ga yadda ake yar da ƙwallo
taku ɗaya kafin layi."
Lokacin ban san dokokin ba.
Na dai san sau huɗu ake ba ka dama
ka ci yadi goma,
mu kuma tara muka iya.

Dubu biyu da takwas.
Wasa goma sha shida, ko ɗaya ba mu ci ba.
Shekarar ce aka sallami Orval daga aiki,
gidaje uku a layinmu suka koma kango,
ciyawa ta hau barandarsu.
Wasu suka je kallo da jakar takarda a ka,
an huda mata ido biyu.
Kunya ta hana su nuna fuska,
ba ta hana su sayen tikiti ba.
Baba bai sa jaka ba.
Ya ce fuskar da ta ga hamsin da bakwai
ba ta ɓuya don kowa.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse.
Shi kam ya dafa nasa shekara sittin da ɗoriya,
yana hura wuta, yana ƙara itace,
saura ƙiris a sha romo
numfashinsa ya ƙare a asibiti, cikin bazara,
lokacin da babu wasa ma balle ya tambayi sakamako.

Sai ga Janairun ashirin da huɗu.
Na sa rediyon cikin aljihun kwat,
na ratsa sanyi mai yanka kunne,
na zauna can sama inda 'yan wasa suke kamar tururuwa masu kwalkwali.
Da maki ɗaya muka tsira.
Ɗaya tak!
Shekara talatin da biyu rabonmu da irin wannan dare.
Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni
yana kiran sunan uwarsa,
ni ina kiran Cleophus,
babu wanda ya gyara wa wani.

Mako biyu bayan nan, a Kaliforniya,
mun tafi hutun rabin lokaci da ratar maki goma sha bakwai.
Ƙanena Delmar ya bugo waya yana maganar kuɗin jirgi.
Na ce masa ya yi shiru, bai san gidan da ya fito ba?
Kafin shayina ya huce ratar ta narke.
Kakar da ta biyo muka ci goma sha biyar,
aka zo har gida aka fitar da mu daren farko.

Jikana Tavon shekararsa tara yanzu.
Jiya ya ce, "Kaka, ai mu kullum muna ci."
Na buɗe baki zan gaya masa,
sai na tura shi kanti ya sayo batir,
manya guda huɗu,
rediyon ya fara shaƙewa.