Idon Ƙosai

Shekara talatin ina gyaran agogo
a bakin Kasuwar Rimi,
hannuna bai taɓa rawa ba
sai ran da Ƙosai ta dawo daga yawon dare
ido ɗaya a runtse,
hawaye na bin gefen hancinta,
kwantsa ta liƙe fatar.

Ɗanjummai mai shayi ya ce kwalli.
Iya Tabawa ta ce zuma, ko nonon mai jego.
Na ce to, na ce to,
na saka ta a kwando
muka hau adaidaita sahu sai Gwale.

Likita Saratu ta ɗiga wani ruwa rawaya,
ta kashe fitila, ta haska shuɗiya.
Sai ga tabo kore shar a kan baƙin idon,
bai kai ƙwayar gero ba.
"Gyambo ne," in ji ta, "farcen muzuru.
Gara da ba ka sa kwallin ba.
Kada kuma ka ɗiga mata na mutane,
akwai wanda ke ƙara wa ramin zurfi."

Ta ba ni 'yar kwalba,
ta ɗaura wa Ƙosai roba kamar mazurari a wuya
don kada ta sosa.
Ɗigo ɗaya duk awa huɗu.
Na yi dariya. Lokaci ai sana'ata ce.

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta,
agogon mutane uku suka tashe ni tare.
Na naɗe ta a zanen marigayiya Hansatu,
tocila a bakina,
tana gurnani, ina ba ta haƙuri.
Ɗigon farko ya sauka a kunne,
na biyu a babban yatsana,
na uku ya shiga.

Kwana tara muka koma.
Koren ya tafi,
saura ɗan hazo, kamar ƙarce a gilashin agogo.
Likita ta girgiza kwalbar, ta ji wayam.
"Baba, wannan ta mako uku ce."
Ta ja da baya, ta ɗaga yatsu. "Nawa?"
Na ce uku.
Ta yi shiru, ta rubuta mini takarda.

Litinin zan je asibitin ido.
Yanzu dai Ƙosai na kan teburin aiki,
idanu biyu a buɗe,
tana bin hannun daƙiƙa da kallo,
wanda ni na daɗe ina jin motsinsa kawai.