Numfashi Uku a Dadin Kowa

Sunansa Gunapala, harshenmu ya gaza,
muka gutsure shi, muka ce Baba Guna.
Daga wani tsibiri ya zo, can ƙasan Indiya,
yana gyaran injin ban-ruwa a Dadin Kowa.
Ni ne yaron da ke miƙa masa sifana,
shekarata sha tara, zuciyata ashana.

Addininsa daban. Bai taɓa ce mini zo ba,
ni ma ban ce masa ba.
In azahar ta yi, shi ke duba agogo:
"Gidado, ajiye, Ubangijinka na jira."
Shi kuwa da sassafe, kan buhun taki da ya ninke,
sai ya zauna bakin ruwa ya lumshe ido,
leɓensa ko motsi ba ya yi.
Na ce, Baba, me ke nan?
Ya ce, "Malaminmu Buda ya bar mana aiki:
gadin ƙofar hanci.
Ina duba wa ya shiga, wa ya fita."
Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ran nan guduma ta sami babban yatsana.
Na zagi guduma, na zagi maƙerinta,
na zagi injin da jirgin da ya kawo shi.
Ya bari na gama, ya ɗaure mini da tsumma,
ya ce, "Sau ɗaya ta buge ka.
Sauran taran nan, hannunka ne."

Yakan kashe injin saboda kwaɗo guda
da ya maƙale a bakin tiyo,
ya tallabo shi da hannu biyu kamar jinjiri.
Manoma na ihu, ruwa, ruwa!
Shi ko a jikinsa.
"Ransa ɗaya ne, kuma yana son abinsa."

Ya koma gida shekarar da kogi ya cinye tumatir.
Sifana mai lamba sha bakwai ya bar mini, shi ke nan.

Bara da rani, daren da layin ruwa nawa ne,
na iske kunyar gonata a fashe,
rabona na kwarara gonar Bappa Manu.
Na saɓi fartanya, ba don noma ba.
Kunnuwana na ƙara, haƙorana na cizon juna,
na riga na shirya abin da zan faɗa wa alƙali.
Saura taku goma, ban san me ya riƙe ƙafata ba.

Na ɗaya: iska ta shiga da warin laka.
Na biyu: na ji yatsuna,
yadda suka shaƙe ƙota har jijiya ta tashi.
Na uku: na ji tari.

Tsoho ne durƙushe, ko tocila babu,
yana kora ruwa da tafin hannu
zuwa shinkafar da ƙishi ya mayar ja.
Layinsa ya wuce yana kwance asibiti a Gombe,
'ya'yansa na Fatakwal, waya ba ta ban-ruwa.
Ya ɗago ya gan ni,
kunya ta kama shi a kan kunyar da ya fasa.

Ba zan yi ƙarya ba, fushin bai tafi ba.
Gefe ya koma ya kwanta
kamar karen da aka daka wa tsawa.
Na ce, Bappa, matsa, fartanya ta fi hannu.
Muka raba daren biyu, rabinsa ya fi nawa tsawo.

Da asuba na tsuguna alwala,
na ji sanyin ruwa gaɓa bayan gaɓa,
kamar yau aka fara ba ni hannu.
Na ta da salla, kuma ina cikinta,
ban tafi kasuwa ba, ban ƙirga buhu ba.

Ko Baba Guna na da rai, Allah masani.
Sifanar na aljihuna, bakinta ya cinye.
Kwaɗi kuwa sun cika fadama,
ba sa barin kowa barci.